Fasfo Mai Bizar Italiya

Da hantsin Talata Sharfaddeen ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya ji wayam. Fasfo ya tafi da bizar Italiya a ciki, ga jirgi gobe da azahar. Shekara biyu mahaifinsa a Kano yana shakkar aikensa saro takalma a Turai. Da ƙyar ya yarda, ya ce ya fara biyawa Abidjan ya gaida dangi.

Aka kira Malam Harisu. Shi ba ɗan sanda ba ne, mahauci ne a unguwar Treichville mai ciwon gwiwa. Sau ɗaya ya taɓa gano saniyar da ta ɓata, tun daga ranar ko mabuɗi ya faɗi a unguwa sai a aika masa. Ya hau benen masaukin Sharfaddeen yana hutawa a kowane hawa, yana tsine wa saniyar nan.

"Jiya ina ka je?"

"Masallaci, Baba. Sai gidan abincin Italiyawa. Na ce bari in koyi cin taliyarsu tun a nan, kar in je can in ji kunya. Lukumanu ne ya raka ni."

Lukumanu ɗan kawunsa ne, haifaffen unguwar Adjamé, yana da rumfar gyaran waya kusa da Mairie, ofishin magajin gari. Yana jingine da ƙofa.

"Tonton, mun sha yawo kafin mu samu wurin," in ji shi, yana kiran Harisu kawu da Faransanci. "Ni ma'aikacin gidan abincin nan nake zargi. Da idona na ga ya goga jikinsa da aljihun rigar."

Harisu ya fara da Iklima mai sharar ɗaki. Ta ce baƙon bai ba ta mabuɗi ba tun zuwansa, ta nuna kwandon shara a cike, shaida. Direban tasin da suka hau jiya, Harouna, ya ce a bakin titi ya sauke su a Adjamé da la'asar, kuma a gabansa Bakanon ya taɓa aljihu, kamar yadda yake yi duk minti biyar.

Sai Harisu ya ɗauki rigar, shadda fara ƙal, ya juya ta gaba da baya, ya shinshina, ya ajiye.

Gidan abincin bai ba shi wahalar nema ba, a Treichville yake, shekara tara yana kai musu nama ta ƙofar baya. Yau ne karon farko da ya shiga ta gaba. Ya tambayi ma'aikacin.

"Su biyu? Na tuna su. Ɗayan ya yi yaƙi da cokali mai yatsu, miya har kunne. Jar rigar ƙwallo ce a jikinsa, ta matse masa tumbi."

Harisu ya koma masaukin, ya sake hawa benen, ya zauna a bakin gado har numfashinsa ya dawo.

"Ɗana, ba a haifi Bahaushen da zai fara cin taliyar nan cikin farar shadda ya fito fes ba. A ina ka tuɓe?"

Sharfaddeen ya sunkuyar da kai. "Lukumanu ya ce a Italiya duk maganar kasuwa a mashaya ake yi, gara in leƙa ɗaya in ga yadda ake zama. Lemo na sha, Baba, wallahi lemo. Ya ce in na shiga da babbar riga da hula, kafin magariba labari ya kai masallacin Treichville. Shi ne ya ara mini rigar ƙwallo, muka bar tawa a rumfarsa. Da muka dawo na zura ta, ban duba aljihu ba, cikina ya ɓaci."

Harisu ya juya wajen Lukumanu. "Kai kuma da idonka ka ga ma'aikaci ya goga jiki da rigar da ke rataye a Adjamé, shi yana Treichville. Ka san ɗan'uwanka ba zai ƙaryata ka ba, don in ya faɗi inda rigar take, sai ya faɗi abin da ya sa ya cire ta. Kuma kun yi kama. Ina fasfon?"

Lukumanu ya ce, "Sau uku ana hana ni biza, Tonton. Shi ko cokali bai iya riƙewa ba."

"Da hotonsa za ka wuce, da zanen yatsunka za su kama ka. Ina yake?"

Fasfon yana cikin akwatin matattun wayoyi a rumfar Lukumanu, a naɗe cikin leda. Kafin la'asar ya dawo hannun mai shi. Sharfaddeen ya buɗe shafin biza sau uku, sannan ya riƙe hannun Harisu.

"Baba, don Allah kar Alhaji mahaifina ya ji maganar mashayar."

"Ba zai ji daga bakina ba. Amma in ya ji ɗan ƙanin matarsa ɓarawo ne, zai tambayi yadda aka yi. Sai ku zaɓa: ku tonu tare, ko ku yi shiru tare."

Washegari Lukumanu ne ya ɗauki jakar Sharfaddeen har filin jirgi. Suka rungumi juna a gaban dangi, kowa na cewa zumunci ya yi kyau.