'Ya'yan Jirgi Ɗaya

"Iya! Goron neman aurena kika mayar?"

Ajike ta dire farantin ƙosai da ƙarfi har guda biyu suka gangara ƙasa.

Iya Molara ko ɗagowa ba ta yi ba daga zanen da take matsewa a tukunyar shuni.

"Na mayar. Fadeyi yayanki ne."

"Yayana ta ina? Su mutanen Oyo, mu na Egba!"

"Ni da ubansa jirgi ɗaya ya kwaso mu. Sabaina ce ta faɗa min, na kuma bincika."

Sabaina! Wadda ta shekara tana kai wa Fadeyi farfesun kifi rumfarsa ta kafinta, shi kuwa ko murfin kwanon bai taɓa ɗagawa ba...

To, a Saliyo ta wancan zamani wannan magana ba ta wasa ba ce. Mutanen da aka ƙwato daga jirgin bayi ɗaya sun rasa uwa, sun rasa gari, sai suka riƙi juna 'yan'uwa. 'Ya'yansu ba sa auren juna.

"Iya, ko fuskar uban nasa ba ki sani ba!"

"A cikin duhun jirgin nan wa ya ga fuskar wani? Kukan juna muka sani. Ɗebe ƙosanki, kaji za su cinye."

Ajike ta figi mayafi ta yi rumfar Fadeyi.

"Abin ƙaunata, me ya ja miki ido haka?"

"Kar ka ƙara ce min haka. An ce ƙanwarka ce ni!"

"To ƙanwata, zauna mana..."

"Fadeyi, wallahi zan kwaɗa maka gudumar nan!"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa da ya ji labarin. Ubansa, Baba Latunde, yana daga gefe yana goge katako. Sai hannunsa ya tsaya.

Washegari da hantsi sai ga tsohon a tsakar gidan Iya Molara, da ƙwaryar goron nan a hannu, Fadeyi na biye.

"Yaya, in roƙo ka zo, kar ka wahalar da bakinka," in ji Iya.

"Ƙanwata, ba roƙo ba ne. Abin da na rufe shekara ashirin da biyu na zo buɗewa."

Ya juya ga Fadeyi.

"Ba ni na haife ka ba. Ina aikin sauke mutane a bakin ruwa wani jirgin bayin ya iso, shekara takwas bayan namu. Na same ka a jikin wata mata da ta riga ta cika. Na sa ka cikin rigata na tafi da kai."



Fadeyi ya durƙusa a hankali, ya kifa goshinsa a ƙafar tsohon.

"Sunanta fa, Baba?"

"Ban samu mai faɗa min ba, ɗana."

Haushin Ajike duk ya narke. Ta durƙusa gefensa ta riƙe masa hannu, a gaban kowa, ba kunya.

Iya Molara ta share ido da bayan hannu, ta bar shuni a kumatu.

"Kai ma dai, Yaya! Ka bar ni na mayar da goro, gari duk ya ji?"

"Ai ga shi na dawo da shi."

"Wa za ka ba? Uban yarinya ya rasu, kuma ba ni da ɗan'uwa a duniya sai kai!"

Tsohon ya dubi ƙwaryar. Ya miƙa ta da hannun dama, ya karɓe da na hagu.

"Na nema wa ɗana, na kuma ba shi 'yar ƙanwata."

"Baba, a kai wa Sabaina guda biyu," in ji Ajike, tana jan hanci. "Ta yi mana wahala."