Ɗan Jakin da Ya Tsaya a Shafi na Goma Sha Bakwai

Magariba ta sauka a unguwar Shubra kamar yadda ta saba, a hankali, da ƙanshin soyayyar albasa daga tagogin maƙwabta. A hawa na huɗu, Ustaz Mamduh, marubucin littattafan yara, ya jawo kujera. Matarsa Nirmin, mai zana masa hotuna, ta jera takardunta, fenti bai gama bushewa ba. 'Yarsu Shahad, mai shekara bakwai, ta zauna a darduma.

Haka suke aiki. Shi ya karanta, ita ta ɗaga hoto, su biyun suna kallon fuskar yarinyar. Inda ta yi hamma, a soke shafin. Amma wata huɗu ke nan labarin ɗan jakin da ya ɓace a kasuwa yana tsaye a shafi na goma sha bakwai. Kullum Mamduh ya faro daga farko, ya kawo ɗan jakin ƙofar mahauta, ya yi shiru. Ƙarshe goma sha ɗaya ya rubuta, duk ya yaga.

"Abu Shahad, na zana ƙofar nan har na san kusoshinta," in ji Nirmin ga mijinta. "Ka mayar da shi wurin uwarsa mu huta."

"Ai ko mai tallar wake zai iya wannan," in ji Mamduh.

Sai dutse ya faɗo a kan tebur. Tagogi a rufe suke.

Daga ranar, duk magariba sai an yi jifa. Aka fara jin kukan yara ƙanana a bayan kabad ɗin littattafai, inda babu komai sai bango. A rana ta bakwai Shahad ta daina cin abinci, ta daina amsa sunanta. Idonta a buɗe, amma ba ita ke kallo ta cikinsa ba.

Aka kira Shaihu Barakat, tsoho mai ruƙiyya. Ya cire takalmi, ya zauna, ya yi ta karatu har rana ta faɗi. Sannan bakin yarinyar ya buɗe da muryar babbar mace, a gajiye.

"Ya isa, Shaihu. Ba da kai nake ba. Da wancan mai yage-yagen nake."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Tun kafin a gina benen nan muke nan. 'Ya'yana uku suna zuwa sauraro. Wata huɗu ɗan jaki yana ƙofar mahauta! Ba sa ci, ba sa barci, sai tambaya, Umma, za a yanka shi?"

Mamduh ya miƙe. "Baiwar Allah, labari ba ya zuwa da umarni."

"Zauna, Ustaz," in ji Shaihu.

"Zan riƙe tasa 'yar har ya saki nawa," ta ce.

Shaihu ya ce, "Ba a jinginar da 'yar Adam. Zai faɗi ƙarshen labarin yanzu, ke kuma ki fita yanzu."

Ta ce, "Da sharaɗi. Abin da ya faɗa shi za a buga. Ya canja harafi ɗaya, na dawo. Na san halinsa."

Mamduh ya dubi 'yarsa, leɓɓanta sun bushe. Ya ce ɗan jakin ya yi kuka, uwarsa ta ji daga bayan rumfar kankana, ta zo a guje, suka tafi gida suka ci ciyawa.

Can a bayan kabad aka ji ƙaramar dariya, sai wata, sai wata.

"Wata huɗu don wannan?" in ji muryar. Ta ja tsaki mai tsawo, ta fita. Shahad ta yi atishawa, ta ce yunwa take ji.

Nirmin ta gama hotunan cikin kwana tara. Littafin ya fito yadda aka faɗa, ba ragi ba ƙari. A jimlar ƙarshe kalmar "suka" ta zo sau biyu, kuma Mamduh ya gani tun kafin a kai wa maɗaba'a. Ya ɗauki alƙalami zai gyara, ya dubi 'yarsa tana cin burodi a darduma, ya ajiye.