Zanen Masu Saran Itace

Ana yayyafi da safiyar Talata Sufeto Rouvier ya iso ƙauyen da ke bakin dajin Fontainebleau. An sace zane a ɗakin aikin mai zane Théodule Marchais, saura kwana biyu a kai shi baje koli a Paris.

"Me ke cikin zanen?" in ji Sufeto.

"Masu saran itace uku," Marchais ya amsa. "Fentin ma bai gama bushewa ba."

"Ina mutanen?"

"Biyu suna daji. Ɗayan, Firmin, itace ya danne shi ya mutu a Janairu. Ba na nan ranar."

A gindin taga Sufeto ya ga sawun takalmin katako cikin laka, ƙarami, irin na mata.

A daji ya tarar da tsoho Gaspard, ɗaya daga cikin masu saran, yana wasa gatari, ya faɗa masa abin da Marchais ya ce.

"Wai ba ya nan?" Gaspard ya tofar da yawu. "Yallaɓai, a gabanmu yake zaune da fensirinsa. Je ka tambayi Mélanie, matar mamacin. Ni na kai mata gawar, na kuma faɗa mata komai."

Mélanie tana kwaɓa burodi Sufeto ya shiga.

"Ban taɓa taka ƙofar Marchais ba," ta ce.

"To koren fentin da ke hannun rigarki fa, Madam?"

Ta dubi hannun. Sannan ta janye bargon gado. Ga zanen nan a kwance a gefen da mijinta yake kwana.

"Ni na ɗauka. An sare gindin itacen rabi, Marchais ya ce wa Firmin ya tsaya a ƙarƙashi, kada ya motsa, wai hasken ya yi kyau. Firmin ba ya musu da mai sanye da kwat." Ta nuna zanen. "Yanzu za a rataye shi a falon masu kuɗi, ni ko fuskarsa ba a bar min ba."

Sufeto ya rufe littafinsa, ya ɗauki zanen. Doka ta san sata, amma ba ta da sunan abin da Marchais ya yi.

"Ɗauko mayafinki, Madam."

Ta rufe kwaɓin burodin da tsumma, ta bi shi.

A bakin hanya Marchais ya tare su, ya karɓi zanen yana duddubawa.

"An taɓa fuskar Firmin," ya ce. "Duk ta goge."

"Sumbatarta na yi," in ji Mélanie, ta hau keken dokin 'yan sanda.