Ƙararrawar Gonar Bature

Rahoton ya fara ne daga Gonar Bature, ƙauyen da ya tashi a gefen tsohuwar gonar mishan, ya ƙare a wani siton 'yan gwangwan a Dubai Investments Park. An sace ƙararrawar tsohon cocin dutse, wadda ta girmi kowa a garin. An kama mai kaɗa ta, Baba Sanda, yana tsare tun bayan Kirsimetin 2012.

Sufeto Badaru bai yarda tsohon ne ɓarawon ba. Shi ya sa ya biyo sawun kwantenar da aka fitar da ita a ciki, daga Najeriya har nan Dubai.

Wani hafsan 'yan sandan Dubai ya sa aka buɗe masa siton. Ga ƙararrawar a kife cikin ruɓaɓɓun batura da injin firji, an fara yanka gefenta da wuta. Ran Badaru ya ɓaci. Ya durƙusa ya leƙa cikinta, sai ya ga an naɗe ƙarfen da ke bugunta da farin ƙyalle, an yi masa wani ɗauri mai kama da kitso.

A unguwar Al Khabaisi ya sami mai kamfanin kago da ya yi jigilar kwantenar, Alhaji Labaran, yana shan shayi.

"Wa ya kawo maka ita?"

"Wallahi Sufeto, ni kaya nake gani, ba na ganin mutane. Khalas, shi ke nan."

"To taso mu je ofis ka tuna."

Nan take ya tuna. "Wani yaro ne mai gyaran AC. Abin da ya ba ni mamaki, da aka buɗe kwantena sai ya cire hularsa."

'Ya'yan Baba Sanda biyu suna aiki a Dubai. Badaru ya fara da Dinatu, mai kitso a wani shago a Al Nahda. Ya nuna mata hoton ƙyallen.

"Ban san shi ba," ta ce, idonta a ƙasa.

"Mahaifinki a kan siminti yake kwana."

Sai ta fashe da kuka. "Ɗaurin makon Ista ne. Daga Alhamis ba a kaɗa ƙararrawar sai Lahadi, ana naɗe ta don ko iska kada ta sa ta yi ƙara. Gidanmu kaɗai aka iya."

"Ke nan Baba ne."

"Hannun Baba rawa yake yi, Yallaɓai. Ko maɓallin rigarsa sai an sa masa. Tun tuni yayana Justin ke hawa ya ɗaura masa."

Justin kuwa mai gyaran AC ne. Badaru da hafsan suka tarar da shi a falat ɗin da yake rabawa da abokan aiki, yana fesa turare zai fita. Kallo ɗaya Badaru ya yi masa ya ji ya tsane shi.

"Yaushe rabonka da gida?"

"Na daɗe, oga. Aiki ba ya bari."

"Babanka ya amsa laifi jiya. Ya ce shi kaɗai ya yi."

Badaru ya zuba masa ido, yana jiran ko da ɗigon hawaye. Ajiyar zuciya yaron ya yi.

"To tunda ya amsa, ai magana ta ƙare ko?"

Badaru ya ji kamar ya tofar da yawu. "An ba shi ƙyalle da igiya a caji ofis, ya kasa ɗaurawa. Yanzu miƙo fasfo ɗinka mu ga inda ka yi Kirsimeti."

Justin ya zube a bakin gado. Da shi da wasu 'yan gwangwan biyu suka sauke ƙararrawar da kaca, in ji shi, ya naɗe ta don kada gari ya ji.

"Tagulla ce fa kawai, oga. Akwai sabon coci da lasifika. Kuma na san ba za su riƙe tsoho da daɗewa ba."

Hafsan ya sa masa ankwa. "Yalla, mu tafi."

A bakin ƙofa Justin ya juyo. "Don Allah mu bi ta baya, kada 'yan falat su gan ni."

Ta gaba Badaru ya sa aka bi da shi.

A mota ya kira gida ya ce a saki tsohon, ya nemi a miƙa wa Baba Sanda wayar.

"Baba, an gano gaskiya. Ka tafi gida."

Sai tsohon ya ce, "Ranka ya daɗe, yaron ya ci abinci kuwa?"