Mai Haɗi da 'Yar Rediyo

Ana saura kwana biyu shirinta rakodarta ta ƙi tashi, shi ya sa 'Yar Rediyo ta faɗa shagon gyaran da ke ƙarƙashin wani bene rai a ɓace. Haka kowa ke kiranta tun da ta fara gabatar da shirin sababbin mawaƙa duk yammacin Asabar a wata 'yar ƙaramar tasha.

Shagon matsattse ne, sifikoki a jibge har rufi, wayoyi a rataye kamar igiyar shanya. Mai shagon ya amsa sallamarta yana sunkuye kan tebur da ƙarfen liƙi a hannu.

Ta buɗe baki za ta yi bayani sai kunnenta ya kama wani abu. Kiɗa ne ke fita daga wata sifika a kusurwa, amma ba ganga ba ce, ba jita ba, ba kuma fiyano ba.

"Malam, don Allah wannan sautin na mene ne?"

"Wanne daga ciki?"

"Wannan mai cewa ƙwal, ƙwal."

Sai a lokacin ya ɗago. Saurayi ne siriri mai tabarau, kallo ɗaya ya yi mata ya mayar da idonsa ƙasa. "Famfon bayan shago ne yake ɗiga a bokiti. Mai kaurin kuma gudumar mai waldan tsallaken titi ce."

"Muryoyin fa?"

"Wasu makanikai ne su huɗu, suna waƙa a gareji in an tashi aiki. Ƙarfe Huɗu suke kiran kansu. Waƙarsu na ɗauka na sauya mata riga. Shi ya sa 'yan layin nan ke ce mini Mai Haɗi."

Ta ja kujera ta zauna ba tare da an ce ta zauna ba. Shekararta biyu tana cigiyar sababbin muryoyi, kullum masu kwaikwayon manya ake turo mata, ashe abin nema yana nan ƙarƙashin bene. Tambaya ta dinga jero masa har sai da ya yi dariya.

"Hajiya, gyara kika kawo ko jarrabawa?"

Ya buɗe rakodar, ya goge wani wuri, ta kawo wuta. "Ba mutuwa ta yi ba, suma ce."

"To ka ba ni waƙar nan in saka ranar Asabar."

"Ba ta nuna ba tukuna. Amma in sababbin mawaƙa kike nema, na san inda suke ɓuya."

Daga ranar ya zama ɗan jagoranta. Ya kai ta garejin, inda mai gangar Ƙarfe Huɗu ke buga tsohon tankin mai. Ya kai ta shagon kitso, wurin wasu 'yan'uwa mata uku da ke haɗa murya hannuwansu na cikin kan mutane. Ya kai ta gun wata ɗalibar jinya da ke haɗa kiɗa da wayarta mai fasasshen gilashi, wadda ko ƙawayenta ba su san tana yi ba. Duk inda suka je shi ne mai gyaran sifikarsu, shi ne mai ɗaukar muryarsu, kuma ba ya bari a ambace shi.

Shirin ya farfaɗo, masu kiran waya har layi suke yi. Ita kuwa sai ta lura ta fi ɗokin tafiyar a kan isowar.

Wata safiya saƙonsa ya shigo:

"Barka da asuba, Kunnena. Akwai wani direban bas mai busa sarewa, ƙarfe huɗu yake hutawa. Za ki zo?"

Ta karanta sau uku kafin ta amsa:

"Wace ce kuma Kunnenka?"

"Wadda take jin abin da kowa ke wucewa bai ji ba."

"To Injiniya, zan zo. Amma yau kai zan yi wa tambayoyi, ba direba ba."

Ta kuwa yi. A kan bencin tashar bas ta ji cewa mahaifinsa ne ya bar masa shagon, shi ke riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa biyu, kuma tun yana yaro in aka kunna waƙa shi abin da ke bayan muryar yake saurare.

"Me ya sa ba ka son a san ka?"

"Wadda nake so ta san ni ta riga ta fara," ya ce, yana kallon takalminsa.

Sai dai ba shi kaɗai ke da ido ba. Jagoran Ƙarfe Huɗu, wanda ake kira Zakara saboda murya da taƙama, ya daɗe yana turo mata saƙonnin da ba ta amsawa. Ranar da Mai Haɗi ya ce waƙar ta nuna, ita ta gayyaci Zakara situdiyo don a saka ta a karon farko.

Waƙar na ƙarewa wayoyi suka ɗau ruri. Zakara ya matso da bakinsa kusa da makirfo.

"Wata uku na yi ina haɗa kiɗan nan da hannuna," ya ce, "kuma na sadaukar da shi ga wadda ke zaune a gabana, wadda in Allah ya yarda ita ce uwar 'ya'yana."

Kanta ya ɗaure. Jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri kai tsaye na kunne, dubban mutane na ji, manaja na yi mata alama ta gilashi cewa lokaci ya ƙare. Abin da ya fito daga bakinta wata 'yar dariya ce ta ruɗewa, ta yi sallama da masu sauraro.

Kafin ta kai bakin titi saƙon Mai Haɗi ya shigo:

"Na ji shirin. Allah ya sanya alheri."

Ta kira, a kashe. Ta sake kira, a kashe.

A gida kuma ta tarar da Abba a falo da rediyonsa a kan cinya, Umma na tsaye ta rafka tagumi.

"Yanzu a rediyo ake neman auren 'yata?" Abba ya ce. "Abokaina har uku sun bugo suna yi mini murna!"

"Wallahi Abba ƙarya yake yi, babu komai tsakanina da shi. Wanda nake so wani ne daban."

Umma ta ce, "Ikon Allah! Ana wata ga wata."

"Shi ma makaɗi ne?"

"Mai gyaran kayan sauti ne, Abba. Yana kuma haɗa kiɗa."

"Duk kanwar ja ce. Ban haifi 'yar da zan miƙa wa mutanen da ba su da lokacin tashi ba su da na kwanciya ba. Shiri ɗaya na ba ki ki wanke sunana, daga nan ki ajiye aikin."

Ta rasa wanne ya fi ci mata rai, aikin da za ta rasa ko wayar da ke kashe. Ranar Laraba ta tafi gareji ta sami sauran makanikan uku, ta ce musu gaskiya kawai take so. Mai gangar ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "Aunty, mu ma kunya ta hana mu bi ta ƙofar shagonsa."

Ranar Asabar ta zo da su situdiyo su ukun. Ɗaya bayan ɗaya suka faɗi wanda ya ɗauki muryoyinsu da wanda ya haɗa kiɗan. Sannan ta ce, "Makon jiya an faɗi maganganu biyu a nan, duka ba gaskiya ba ne, ni kuma na yi dariya maimakon in gyara. Wanda na yi wa laifi ya san kansa. Ina neman afuwarsa."

Tana fita ta gan shi a bakin get, ya jingina da babur ɗinsa.

"Na ɗauka ka daina jin shirin."

"Na gwada," ya ce. "Sifika ashirin ce a shagon, duk wadda na kashe sai in kunna wata." Ya cire tabarau ya goge. "Ni ma da laifina. Ni ya kamata in riga shi faɗa, a gabanki, ba a makirfo ba. Ina son ki, Kunnena. Aure nake nufi."

Hawaye da dariya suka haɗe mata. "Sai ka shirya, Injiniya. Abba ya ce shirina na ƙarshe ke nan, kai kuma ko sunanka ba ya son ji."

Abin da ba su sani ba, shi ma Abba ya saurari shirin, kuma wani abu ya tsaya masa a rai: wane irin mutum ne za a sace masa aiki a bainar jama'a ya yi shiru? Bayan kwana biyu ya buɗe tsohuwar akwatinsa ya ɗauko wani kaset, ya nufi shagon bai faɗa wa kowa ba.

"Yaro, wannan zai gyaru? Wurare uku na kai shi suka ce ya mutu."

Mai Haɗi bai san shi ba. Ya ba shi kujera, ya kwance kaset ɗin a hankali, ya liƙe zaren da ya tsinke, ya shigar da shi kwamfuta yana rage ƙarar shuu ɗin kaɗan kaɗan. Aka kira la'asar, ya nemi izini ya je ya dawo. Can sai muryar wata tsohuwa ta fito tar, tana gaishe da ɗanta da ke karatu a nesa, tana ce masa ya riƙa cin abinci, ya kuma ji tsoron Allah.

Abba ya juya fuskarsa bango. Shekara talatin rabonsa da muryar mahaifiyarsa.

"Baba, na saka maka a wayarka, ba za ta sake ɓata ba," Mai Haɗi ya ce a hankali.

Abba ya share ido ya juyo. "Da aka ce wani ne ya yi aikinka, me ya hana ka fito ka ƙaryata?"

Saurayin ya dube shi da mamaki, amma ya amsa. "Da na yi, 'Yar Rediyo za a ce ta yi ƙarya a shirinta. Gara a ci nawa."

Abba ya miƙe ya gyara hularsa. "Ni ne mahaifinta. Ka turo manyanka."

Ƙarfen liƙin ya suɓuce daga hannun Mai Haɗi.

Da yamma Abba ya kunna wa mutanen gidan muryar, Umma na kuka, 'Yar Rediyo na jin kakar da ba ta taɓa gani ba. Da aka gama ya ce, ba tare da ya kalle ta ba, "Wannan shirin naki, ranar Asabar ƙarfe nawa ma yake farawa?"

Ta durƙusa ta kama hannunsa.

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Har Zakara ya zo, ya yi ta sunkuyar da kai yana neman gafara, ango ya rungume shi ya ce ya wuce.

Da za a tafi da amarya, Abba ya sa aka kira su su biyu. Ya haɗa hannuwansu cikin nasa.

"Na so in hana abin da ban sani ba," ya ce. "Kai, ga amana. Ke kuma, ki rage masa tambaya."

"Wannan kam sai dai addu'a," in ji Umma, falon ya kwashe da dariya.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa ku tsufa tare."

"Amin, Abba," suka ce baki ɗaya.