Kurkunun Baba

Ya fita! Wallahi ya fita duka, har wutsiyarsa! Yanzun nan na gani da idona. Shi ya sa kuka ga na shigo lakwal, makarantar nan tamu, da gudu, ko kallabi ban ɗaura daidai ba. Ku matso ku ji kafin Mushe, malaminmu, ya shigo aji. Kurkunun ƙafar Babanmu nake nufi. Amma bari in faro daga farko, don mun sha wuya a daminar nan.

Ruwa ya sauka, an yi shuka, gero ya fara tashi. Sai ƙurji ya fito wa Baba a idon sawu. Ya ce kamar garwashi aka sa masa a ciki. Da ƙurjin ya fashe, sai ga kan tsutsa fari, siriri kamar zare.

Muka ɗora shi a jaki zuwa gidan likita na nan Magarya. Muka tarar da Majo Alhassan, babban mai jinya, cikin farar rigarsa. Ya wanke wurin. Ya ɗauko tsinke, ya naɗe kan tsutsar a jikinsa, ya ɗaure da ƙyalle mai tsabta.

Ya ce, "Ruwan tafki ne ya jawo. Ku riƙa tace shi da ƙyalle kafin ku sha. To, wa zai kula da ƙafar nan a gida? Kwamanda mai mulkin gari ya tura ni Dungas yin lambar rigakafin agana, kuma zan daɗe."

Yayata ta ɗaga hannu kamar a aji. Kun san ta ai. Ita ce ta ɗaya a ajin manya, kullum cewa take aikin jinya za ta yi.

Majo ya ce, "Yarinya, buɗe kunnenki. Kowace safiya ki tsoma ƙafar a ruwan sanyi. Ki murɗa tsinken kaɗan. Da kin ji ya tirje, ki tsaya. Ba a jan kurkunu. In ya tsinke a ciki, ƙafar za ta lalace."

Yaya ta ce, "Na gane, Majo."

Da farko ta yi daidai. Amma abin ba ya sauri ko kaɗan! Yau ɗan tsawon farce, gobe ma haka, wata rana ya ƙi motsi sam. Ga ciyawa tana cinye gonarmu ta hanyar Bande. Kowa ya tafi noma, Baba yana kwance a zaure, yana kallon hauyarsa a jingine.

Ya kan ce, "Geron nan zai mutu ina kallo."

Wata safiya Yaya ta murɗa, tsutsar ta tirje. Ina riƙe da ƙwaryar ruwa.

Na ce, "Yaya, tsaya. Majo ya ce a tsaya."

Ta ce, "Ke rufe min baki! Me kika sani? Saura kaɗan ne. Yau zan fitar da shi, gobe Baba ya tafi gona."

Ta ja. Baba ya yi ƙara. Tsinken ya taho a hannunta da guntun tsutsa, sauran ya koma ciki.

Baba ya ce, "Ya fita ne, ɗiyata?"

Yaya ta ce, "Ya fita, Baba." Ta ɗaure ƙyallen da sauri, ta harare ni.

Kai, abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, ta yi kamar turmi. Zazzaɓi ya rufe Baba. Ko kunu ba ya iya sha. Zauren ya ɗauki wari, ƙudaje suka cika shi.

Ya Kaka maƙwabciyarmu ta leƙo, ta toshe hanci.

Ta ce, "To, ga aikin 'yan lakwal! An kai su su koyi yaren Nasara, sun dawo sun kashe ƙafar ubansu. Sannu, likitan gida!"

A bakin rijiya ma haka. Mata suna nuna Yaya da baki, suna dariya. Wasu suka ce a kira wanzami ya yi sakiya da ƙarfe mai zafi. Baba ya ƙi, ya ce a jira Majo. Inna kuwa ta daina yi wa Yaya magana. Ta ɗauki hauyar Baba ta tafi gona da kanta, ta dawo hannunta duk kanta da jini. Yaya ta daina cin abinci. Sai ta zauna a bayan rumbu ta yi ta kuka.

Ranar da Majo ya dawo, aka kai Baba a amalanke, don ba ya iya zama a jaki. Majo ya kwance ƙyallen. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Wa ya ja?"

Sai Yaya ta ce, "Ni ce. So nake ya tashi da wuri. Kuma na ce masa ya fita, alhali bai fita ba."

Na zaci Majo zai mare ta. Bai ko ɗaga murya ba.

Ya ce, "Jan da kika yi kuskure ne. Ɓoyewar ta fi muni. Da kin faɗa, da an kawo shi tun bai kumbura ba, ai mataimakina yana nan. Mai jinya ba ya yi wa majinyaci ƙarya. Zo ki riƙe kwanon nan."

Ya tsaga wurin, mugunya ta zuba. Yaya ta riƙe kwanon, hawaye na zuba, amma ba ta kau da kai ba. Aka yi wa Baba allura, aka kwantar da shi can. Kumburin ya sauka a hankali. Sai dai rabin gonar ya riga ya tafi. Ciyawa ta fi geron tsawo.

Ana cikin haka, sai wani kurkunun ya ɓullo a ɗaya ƙafar!

Inna ta ce, "Wallahi yarinyar nan ba za ta ƙara taɓa shi ba."

Baba ya ce, "Ita za ta yi. Yanzu ba wanda ya kai ta sanin abin da ja yake jawowa."

Majo ya ce, "Ni ma ita na zaɓa."

Aka sallami Baba, muka dawo da shi gida. Daga nan kowace safiya, kafin lakwal, Yaya tana gaban Baba. Ta wanke hannu da sabulu. Ta tsoma ƙafar a ruwa. Ta murɗa kaɗan. In ya tirje, ta ɗaure ta tashi. Ya Kaka ta kan leƙo ta ce, "Likita, yau ba a ja?" Yaya ta ce, "Ina kwana, Ya Kaka," ta ci gaba da aikinta.

To, yau da safe ta murɗa, ta ƙara murɗawa, sai sululu! Ga shi duka a kan tsinke, dogo, ya fi hannuna! Na ruga na kira Majo. Ya duba wutsiyar, ya ce, "Cif! Ko ni iyakar abin da zan yi ke nan. In kin gama lakwal, ki zo mu yi magana."

Baba ya dafa sanda ya miƙe. Ya taka har ƙofar gida! Yana ɗan ɗingishi da ƙafar farko, Majo ya ce wataƙila ba za ta koma kamar da ba. Geron bana ma kaɗan ne. Amma ya taka! Inna ta kamo Yaya ta rungume ta, ta zuba mata fura har da ƙari. Ya Kaka ta tsaya tana kallo, can ta ce jikanta ma wani ƙurji ya fito masa, ko Yaya za ta leƙa.

Ku ji abin da Yaya ta ce in gaya muku. Mai kula da marar lafiya ba ya gaggawa. Ya bi abin da aka koya masa. In kuma ya yi kuskure, ya faɗa nan take, kada ya ɓoye.

Kai, ga Mushe nan! Ku matsa min in zauna.