Mutum Biyu a Kan Gada

Da sanyin safiya suka fara haɗuwa a bakin madatsar ruwa, ranar da hazo ya sauko har ba a ganin tsallake. Auta ta kafa kamararta, ta daɗe tana jiran wata busasshiyar bishiya ta bayyana a cikin farin, sai ga wani dogon saurayi da rigar aiki ya tsaya mata a tsakiyar hoto.

"Malam, don Allah matsa. Ka tare min bishiya."

Ya waiwayo yana dariya. "Shekara uku ina auna ruwan nan, sai yau na ji an ce bishiya ta fi ni kyau."

Daga ranar ta laƙaba masa Dogo, shi kuma yake ce mata Idona. Idan ya tashi aiki sai ya biya shagon hoton da take aiki, ya ja kujera kusa da kwamfuta yana kallon yadda take mayar da hotunan hazo zuwa baƙi da fari.

"Hazo ba ya son launi," take gaya masa. "Ka bar abu ɗaya baƙi ƙirin a gaba, sauran su narke a baya. In ka cika duhu, ka kashe hazon."

"Ni dai kada ki narkar da ni," in ji shi.

Magana ta kai gaban manya, Baba, mahaifin Auta, ya ce ya turo. Abu ɗaya ne ke damun Auta: duk sanda ta ce za ta je gaishe da mahaifiyarsa, sai ya kawo uzuri.

Wata Asabar ya ce mata ba zai fito ba. Ta tafi ita kaɗai, ta ɗauki tsohuwar gada daga nesa. A shago ta cire launin, ta ɗan ƙara duhu, sai ga mutum biyu sun fito a kan gadar. Tsayin Dogo ba ya ɓoyuwa. Wata siririyar mace ta kwantar da kai a kafaɗarsa, hannunsa a ƙugunta.

Ta tura masa hoton.

"Ashe wannan ne rashin fitowar. Kada ka sake nemana."

Ya amsa nan take: "Idona, wallahi ba yadda kike zato ba ne. Akwai alkawarin da ya ɗaure min baki. Ki ba ni kwana biyu kawai."

Ta rufe lambarsa. Ta kai wa Baba hoton tana kuka. Da Dogo ya zo da yamma, a ƙofar gida Baba ya tare shi da hoton a hannu.

"Wace ce wannan?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, ka yi min haƙuri, ba zan iya faɗa yanzu ba."

"To, 'yata ba abin wasa ba ce. Sauka lafiya."

Wata uku Auta ba ta taɓa kamara ba. Ta rame, ta daina hira. Kullum sai ta buɗe hoton ta ce yau za ta goge shi, ta ƙura masa ido har hawaye ya hana ta gani. Abin takaicin, ba ta taɓa ɗaukar hoto mai kyansa ba.

Wata ranar Talata wata dattijuwa ta shigo shagon, tana dogara sanda, tana jan ƙafar hagu. Ta zauna da ƙyar, ta dubi Auta.

"'Yata, ni ce budurwar da ke cikin hoton nan."

Auta ta dube ta sama da ƙasa.

"Ɓarin jikina ne ya shanye bara. Ba na son idon jama'a, shi ya sa yake fita da ni in koyi tafiya lokacin da hazo ya rufe. Ni na sa shi ya rantse ba zai gaya wa kowa ba. Ya roƙe ni in sake shi, na ƙi. Sai da na ga ɗana yana ƙarewa a gabana."

Auta ta zube ta riƙe ƙafafunta. "Umma, ki yafe min."

Baba da kansa ya taka har gidan su Dogo ya ba da haƙuri. Amma Dogo ya daɗe bai kalli Auta ba ranar da suka haɗu.

"Kwana biyu na roƙa, Idona. Kwana biyu kacal."

"Ba ni da bakin magana," ta ce. "In ka ce ka fasa, ban ga laifinka ba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Na gwada fasawa. Ban iya ba."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da rana tsaka, gida cike da mutane, Umma ta ajiye sandarta, ta taka a hankali har gaban amarya, kowa na kallo. Ta ɗora hannun Auta a kan na ɗanta.

"Ni na raba ku, ga shi na haɗa ku da hannuna. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuri'a ta gari."

Gida ya amsa da amin, amarya na share hawaye.